Kabarin da Littafi Ya Aike Mu

Kafin in faɗi laifina bari in faɗi matsayina, don kada a ɗauka ƙaramin mutum ne ya yi wannan ɓarna. Ni ne babban masanin tarihi na unguwarmu a Bahindi, tun daga bakin rijiya har zuwa turken jakin liman. Aji huɗu na yi a firamare. Muna shirin shiga na biyar babanmu ya leƙo ta taga ya ce shanun huɗa ba su san da zancen jarrabawa ba, na ɗauki jakata na bi shi, ban sake komawa ba. Amma aji huɗun wancan zamani, in aka auna shi da mudu, ya fi digirin yanzu cika. Haka nake gaya wa jikokina, su kuma su yi mini shiru irin na ladabi, wanda ya fi zagi ciwo.

Abin da na fito da shi daga makaranta, ban da iya karanta wasiƙa da takardar asibiti, littafi ne guda ɗaya. Iska ta yaye rufin ofis a wata damina, littattafai suka jiƙe aka baza su a rana, hedimasta ya ce in ɗauki wanda ya fi lalacewa tunda ni ma tafiya zan yi. Ba shi da bango, ganyayen farko duk sun tafi. Tarihin ƙasashen nan namu ne na bakin Kwara. Wani malami ya rubuta shi da Larabci a zamanin da ake yaƙi da doki da baka, wani Bature ya juya shi zuwa Turanci, wani kuma ya sake juyo shi zuwa Hausar boko. Tuwon da aka ɗumama sau biyu ke nan, amma ni a bakina sabo ne.

A gindin kusan kowane shafi akwai ƙananan rubutu kamar tururuwa sun yi sahu. Liman ya ce malamai hashiya suke kiran irin wannan. Kana cikin karatu a sama sai ka ci karo da ɗan tauraro, tauraron ya tura ka ƙasa, na ƙasan kuma ya ce ka duba shafi kaza. Ka je shafi kaza, can ma a ce ka ƙara gaba, kamar mai neman sa hannu a ofishin gwamnati. Ni aike nake kiran su. Kuma ina alfahari da cewa duk faɗin Bahindi ni kaɗai na san yadda ake bin aiken littafi.

A cikin littafin nan akwai kakan kakanmu. Layi uku aka ba shi. Malami ne mai ɗingishi da ya biyo wata tafiya yana karantar da mutane, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu, aka binne shi a zangon da suka sauka. Sunansa da na ubansa sun zo daidai da yadda muke ji a gida, ɗingishin ma haka. A kan kalmar zango akwai tauraro. A ƙasa aka ce, game da wannan zango a duba shafi na arba'in da ɗaya.

Gidanmu yana da wata al'ada game da wannan kabari. In an gama girbi, kafin a fara sa wa daji wuta, sai a je a share ciyawar da ke kewaye da shi don kada gobara ta bi ta kansa, a gyara duwatsun, a yi addu'a, a dawo. Kakarmu ta wajen uba ita ta riƙe abin. Sau uku ta tafi da yayata tana ƙarama, don ta riƙe mata goran ruwa. Da kaka ta rasu sai abin ya kwanta, domin babanmu mutumin gona ne da kasuwa, ya ce addu'a ba ta buƙatar takalmi. Aka yi shekaru sama da ashirin ba wanda ya je.

Ranar sadakar arba'in ta babanmu, dangi sun taru a zaure da tsakar gida, sai kawunmu ya ta da maganar. Ya ce kunya ce a ce muna da malami a ƙasa mun bar shi ga wuta da shanu. Wa ya san wurin? Aka kira Yaya. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, lokacin tana da 'ya'ya biyar a gidan mijinta a Sharabi. Ta ce bayan Geza ne, a bakin fadama, gindin wata kaiwa, wadda mutanen Kano ke kira kanya. Ta ce akwai suri a kusa, da fasasshiyar tukunya a wajen kai.

Da na yi shiru a nan, da ba ni da labarin da zan rubuta. Amma littafin yana cikin aljihun rigata, yana cizona.

Na ce, "Yaya, shekarunki nawa sa'ad da kunka tahi?"

Ta ce, "Ban kai ɗaurin ƙirji ba."

Na ce, "To littafin ga ya girme ki, ya girmi kaka, ya girmi uwar kaka."

Na buɗe, na karanta layi ukun nan da murya irin ta mai labaran rediyo. Na nuna musu tauraro, na nuna musu tururuwar ƙasa, na lashi yatsa na juya har inda lambar saman shafi ta ce arba'in da ɗaya. Ga zango kuwa a wurin, Allah shi ne shaida. An ce yana yamma, bayan tuddai, wajen ƙasar Bargu, a bakin wani rafi mai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, gindin wata babbar kuka. Maza suka gyaɗa kai. Kawu ya ce abin da aka rubuta ya fi abin da aka tuna.

Yaya ta ce, "Ni dai kaiwa nis sha a wurin. Ɗanya ce ma, har ta ɗaure mini baki kaka tana yi mini faɗa."

Na ce, "Yaya, ana zancen tarihi kina zancen kwaɗayi."

Aka yi dariya, har matan da ke bayan zana. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta tashi ta koma wajen tukwane.

Bayan girbin shekarar nan muka bi ta Tsamiya muka shiga Dahomi. Na san yanzu Benin ake cewa, amma bakina ya tsufa a kan na da. Muka sauka a gidan ɗan gwaggonmu, wadda aka aurar can tun kafin a haife ni. Malamin makarantar Faransanci ne, kowa Mushe yake kiransa, yadda ake ce wa malami a can da Faransanci. Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake shi yana da wata fassarar dabam. Ya raka mu muna tambaya ƙauye ƙauye, kwana biyu, har muka sami rafin, muka sami fan, muka sami kukar. A gindinta kuma ga tarin duwatsu a jere, an daidaita su da alƙibla yadda ake yi wa Musulmi.

Ranar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Yanzu na san babu wata tsohuwar kuka a ƙasar nan da ba ta da mamaci a gindinta. A lokacin kuwa na ɗauka Allah ne da kansa ya sa wa karatuna hannu.

Yaya ta tsaya ta daɗe tana duban wurin. Sannan ta kwance tsintsiyar da ta ɗauro, ta duƙa ta fara shara.

Shekara talatin da uku muka yi muna zuwa. Maza suka riƙa raguwa, wani mutuwa, wani ciwon baya, wani kuma ɗansa ya dawo daga karatu ya ce masa abin bidi'a ne. Yaya ba ta taɓa fashi ba. Ita ke ɗaure sabuwar tsintsiya kowace shekara, ita ke yin ƙuli-ƙuli da dawon hanya. Jandarmomin bakin iyaka har sun san ta, tsohuwa mai tsintsiya suke ce mata, su ɗaga mata igiya ba tambaya. Shekarun da aka rufe iyaka muka bi ta daji a kan babura, wani ya kayar da ita a cikin kwazazzabo ta bugu a ƙugu. Tun daga ranar take ɗingishi. Mutane suka ce gadon kakan kakanmu ne ya sauko mata, ni ma na taya su faɗa, har na ce littafi bai yi ƙarya ba.

Aikina a wurin shi ne karatu. In ta gama shara ta cire ciyawar da ke tsakanin duwatsu da hannu, sai in tsaya in karanta layi ukun nan da hashiyarsu da shafi na arba'in da ɗaya, sannan a shafa fatiha. Akawu take kirana in tana son tsokana, Auta in tana son aike. Wata shekara muna hutawa a kan fan, ta ce, "Akawu, ka san na fara tuna kukar ga? Kamar nan kaka ta zauna tana ɓare goro." Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce mata ai gaskiya ba ta ɓata, sai dai ta yi nisan kiwo.

Littafin kuwa ban taɓa barin Mushe ya taɓa shi ba. In ya miƙo hannu sai in ce bawa ba ya riƙe takardar ubangidansa, kuma mutumin da ya koyi karatu da yaren da ake yi ta hanci ba zai gane Hausar boko ba. Shi kuma, da yake Ingilishi yake kirana, ya ce ba ya son ƙwarƙwatar Ingilishi ta hau masa hannu. Da wannan wasan muka tsufa.

Bara ne idona ya ci amanata. Mun sauka gidansa da hantsi, za mu je kabarin washegari. Bayan azahar muna zaune gindin mangwaronsa na ciro littafin don in yi bita, sai na ga manyan rubutun suna nan amma tururuwar ƙasa ta zama toka. Na matsar, na nisantar, na karkata wajen haske. Shi kuwa an yi masa aikin yanar ido, yana da sabon tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

Na ce, "Bawa, yau na 'yanta ka na minti biyar. Karanta mini na ƙasan ga."

Ya karɓa da hannu biyu yana rusunawa don iskanci. Ya karanta hashiyar yana jan ta ta hanci. Sannan maimakon ya miƙo mini, sai ya tsaya yana duban gefen shafin. Ya juya gaba, ya juya baya.

Ya ce, "Ingilishi, waɗanga lambobi fa na gefe, da anka sa cikin ɗan akwati?"

Na san su. Suna nan jefi-jefi a gefen rubutu, ƙanana, ba su bin lambar sama. Na ce, "Na masu buga littafi ne. Kamar yadda magini ke zane a bango don kada ya ɓata lissafin tubali."

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ilimi."

Ya nemi wata hashiyar dabam, wadda ke maganar mutuwar wani sarki ta ce a duba shafi kaza. Ya bi lambar sama, muka faɗa cikin zancen fataken gishiri. Na ce masa ai na daɗe da sanin wannan. Sau da yawa in ka bi aiken sai ka sami abin da bai shafi maganar ba, kuma wannan shi ne zurfin malaman da, suna so mai karatu ya yi tunani. Ni kaina na taɓa yin wata guda ina neman alaƙar sarkin nan da gishiri, har na samo ta.

Mushe ya bar lambar sama, ya bi ta gefe, ta cikin akwati. Ya juya ganye kusan ashirin gaba. Ya ɗora yatsa. Ga sarkin nan kwance yana mutuwa, daidai yadda hashiya ta yi alkawari.

Ya gwada da ta biyu. Ya gwada da ta uku. Kowace ta sauka a kan abinta kamar tsuntsu a sheƙarsa.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum sakamakon asibiti. Baturen nan da ya fara juya littafin, ganyayen na Larabci ya ƙirga, ya riƙa sa lambarsu a gefe don a san inda kowane ganye ya fara. Duk aikensa da waɗannan lambobi yake yi. Lambar sama kuwa ta masu injin bugawa ce, ta zo daga baya, da aka sake juya littafin ma ta sake canjawa. Ya ce littattafansu na Faransanci na tarihi da yawa haka suke, kuma lalle an faɗi wannan a gabatarwa. Gabatarwar da ruwa ya cinye tun ina ɗan aji huɗu.

Na ce, "To nemo arba'in da ɗaya."

Ya nemo. Ya karanta, wannan karon ba ta hanci ba. Zango ne a bakin fadama, ba nisa da Kwara, inda suka tsaya don dawaki su ci ɗanyar ciyawa, wurin yana da itatuwan kaiwa.

Na jira ya yi dariya. Shekara sittin yana neman ranar da zai kama ni, ga ta ta zo masa har gida, da shaida a rubuce. Bai yi ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Taubashin da ya ga faɗuwarka ya ƙi dariya, ka san ba tuntuɓe ka yi ba, rijiya ka faɗa. Daga cikin gida muna jiyo muryar Yaya tana yi wa matarsa gardamar yadda ake yin miyar kuka.

Ya ce, "Ka gaya mata. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda sunka ga wurin da ido."

Na ce, "Bari mu koma gida tukuna."

Washegari muka je. Na tsaya ina kallonta, mace mai shekara kusan tamanin, duƙe a kan ƙugun da ya ƙi warkewa, tana share kabarin mutumin da ba mu san ko wane ne ba. Da ta gama na karanta layi ukun da ka, har da kuka da rafi da fa. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro da na tuna daga baya.

Da muka dawo na ce sai an gama sussuka. Aka gama na ce sai bayan bikin jikarta, kada in ɓata mata rai. Aka yi biki na ce sai sanyi ya wuce. Ni da nake yi wa mutane wa'azin cewa jinkiri ɓarawon alheri ne. Kullum na san abin da jinkirin zai iya salwantarwa: wurin nan ba ya cikin littafi, littafi bakin fadama kawai ya ce, fadama kuwa ta fi tafiyar yini. Wurin yana cikin kan Yaya ne kaɗai. In ta tafi ya tafi. Kuma ba yadda zan ce mata ta nuna mini ba tare da na ce mata ni na ɓatar da ita ba. Mushe ya aiko wani direba da saƙo har sau biyu, kalma ɗaya ce, wai in ji bawana, "Tukuna?"

Da bazara ta shigo aka aiko cewa ƙafafunta sun kumbura ba ta fita. Na sayi goro na hau mota zuwa Sharabi, inda take zaune a gidan babban ɗanta tun rasuwar mijinta. Na same ta a inuwar rumbu, ƙafa miƙe a kan tabarma, tana tsintar shinkafa a faifai. Muka gaisa. Na gyara murya na fara yi mata bayanin yadda ake haɗa littafi, tun daga alƙalamin kara har zuwa injin Bature. Na kai wajen ƙirgar ganye ta ɗaga hannu.

"Auta, in mutuwa anka yi, hwaɗi. In aure za ka ƙara, tashi ka ba ni wuri."

Na ce, "Yaya, kabarin da muke zuwa ba na kakan kakanmu ba ne. Ni na yi kuskuren bin littafin. Wurin da kinka hwaɗi tun farko, shi ne a rubuce."

Ta ci gaba da tsinta. Ta cire tsakuwa ɗaya, ta cire ta biyu, ta jefa wa kaji.

Ta ce, "Kaiwa."

Na ce, "Kaiwa, Yaya."

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

"Kaiwa ce. Bayan Geza. Bakin fadama."

"Zancen tarihi ko zancen kwaɗayi?"

Ashe tana riƙe da ita, kalma da kalma, shekara talatin da uku. Na ce tarihi ne.

Ta ce, "Yaushe ka sani?"

A nan na so in yi ƙarya, kuma da na yi da ta wuce. Na ce tun zuwanmu na ƙarshe, kwana ɗaya kafin shara.

Sai a lokacin ta ajiye faifan. "Kana tsaye kana kallona ina duƙe."

"Ina tsaye."

"Har ka yi karatu."

"Na yi."

Ta daɗe tana duban ƙafafunta. Ta ce, "Kawu ya tahi. Duk waɗanda sunka yi mini dariya a zauren nan sun tahi, maza da mata. Wa za ka tara yanzu ka karanta ma wa?"

Ta ƙwala wa ɗanta kira ta ce ya nemo mota gobe da safe.

A-kori-kurar ɗaukar shinkafa aka samo. Aka sa ta gaba kusa da direba, ni a baya a kan buhunan wofi, inda ya dace da ni. Na lura ta ɗauro tsintsiya a cikin zane. Muka wuce Geza muka gangara har inda hanya ta ƙare.

Ni na san an daɗe ana noman rani a wajen, amma ban taɓa duban wurin da idon mai nema ba. Shinkafa ce kore shar har iyakar gani, an rarraba ta gona-gona, injinan ban-ruwa suna ta kuka ta ko'ina. Babu suri. Babu kaiwa ko ɗaya a tsaye. Wani mai gona, dattijo ne amma bai kai mu ba, ya taso ya gaishe mu. Na yi masa bayani a taƙaice, na tsallake wurin da nake ciki. Ya ce yana yaro kaiwa ta fi ashirin a bakin nan, an sare su ɗaya bayan ɗaya, wasu turame, wasu gawayi. Kabari kuwa bai taɓa ji ba. Ya nuna mana kututture huɗu da suka rage a kan kunyoyi, ya ce sauran an tone.

Yaya ta dafa kafaɗata, ɗanta ya riƙe ta ta ɗaya gefen, muka bi kunya a hankali. Ta tsaya a kututturen farko ta dubi gabas, ta dubi inda garin yake. Ta ce mu je gaba. Na biyu ma haka. A na uku ta daɗe, sai ta girgiza kai. Kafin mu kai na huɗu numfashinta ya ƙare, mai gonar ya kawo buhu ta zauna.

Na tsuguna gabanta na ce, "Yaya, rufe ido. Tuna ranar. Kin riƙe gora, kaka tana gaba. Ta ina kunka ɓullo? Rana tana ina?"

Ta rufe. Na ga leɓɓanta suna motsi. Injin yana ta bugawa a bayanmu, ruwa yana bin lambatu.

Ta buɗe ido ta ce, "Kuka nika gani."

Na ce ta sake gwadawa.

"Na gwada tun jiya, Auta. In na rufe ido kuka ce, da fan nan, da rafi. Har kaka a can nika ganinta zaune. Ɗaurin bakin kaiwar kaɗai ya rage mini. Ka dasa mini kuka cikin kai, ta yi girma ta rufe wurin."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni, da na sami abin riƙewa.

Ta ce a juya ta ta fuskanci fadamar. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a ga duk wanda ke kwance a ƙarƙashin shinkafar nan, daga wannan baki zuwa wancan, ta ambaci sunan kakan sau ɗaya. Muka shafa, har mai gonar da direba. Ba abin sharewa. Tsintsiyar tana kan cinyarta ba a ko kwance ta ba.

Da muka koma bakin mota ta miƙo mini ita.

"Na Dahomi fa?"

Na ce ai ba namu ba ne.

Ta ce, "Shekara talatin da uku wuta ba ta bi ta kansa ba. Ya saba. Ka taɓa ganin wani ya zo masa ban da mu? Ni ƙafata ta ƙare. Kai za ka tahi, kuma ba karatu za ka yi ba, duƙawa za ka yi. Littafin ka bar shi gida ya huta, ya yi aike ya gaji."

Tun daga ranar ba ta sake kirana Akawu ba. Na sha jefa mata tsokana don ta rama, sai ta amsa mini da hankali kamar baƙo. Ban san ko ta yafe ba. Na tambaya sau ɗaya, ta ce in miƙo mata buta.

Littafin yana nan cikin akwati. Na bi duk aikensa daga farko da lambar gefe, da tabaran da na saya a kasuwar Bagudo, kowanne ya sauka daidai. Sarkin nan ba ruwansa da gishiri. In hanya ta bi da ni ta Geza nakan sauka in tsaya a bakin fadamar, har mai gonar ya fara zaton saye nake so in yi.

Da aka gama girbin bana na bi ta Tsamiya ni kaɗai. Jandarman bakin igiya ya dubi tsintsiyar ya dube ni, ya tambayi ina tsohuwa. Mushe ya raka ni, shi ya riƙe goran ruwa. Na duƙa ina shara, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, shi yana zaune a kan fa. Ya ce, "Duniya ta zo ƙarshe. Ɗan namiji na shara, bawa na kallo." Muka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. Da na zo addu'a na rasa sunan da zan kira, sai na ce mai wannan kabari.

A hanyar dawowa na biya ta Sharabi. Tana inuwar rumbun nan. Na ce na je, na share.

Ta ce, "Ciyawar da ke tsakanin duwatsu fa?"

Na ce na bi ta da tsintsiya.

Ta ce, "Da hannu ake cire ta. Shekara talatin da uku kana tsaye a kaina, ko wannan ba ka gani ba."